FASHIN BAƘI: Kafin a sayi jakuzi, a buɗe allon gefensa a ga abin da ke ciki

A ranar 3 ga Afrilun 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga 'yan rukunin Band A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225. An ɗan sassauta daga baya, farashin ya zauna a Naira 209.5 a watan Yulin shekarar. Tun daga wannan rana, duk wata na'ura da ke ɗumama ruwa ta zama abin yi wa lissafi, kuma a cikinsu babu wadda ta kai bahon ruwan zafi, wanda aka fi sani da jakuzi, cin wuta a ɓoye.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan talaka da jakuzi, a ƙasar da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 ba su da wutar gwamnati ko ta awa ɗaya. Tambayar tana kan hanya. Sai dai bahon ya riga ya shigo: yana otal-otal, yana gidajen haya na kwana ɗai-ɗai da matasa ke zuba jari a cikinsu a Abuja da Kaduna da Jos, yana wuraren motsa jiki da ɗakunan gashin ƙashi. In kuma aka girka shi a masaukin gwamnati, kuɗin wutar da zai sha har ya lalace daga aljihun jama'a za su fito. Wanda ya iya karanta lissafin wannan baho zai iya karanta na kowace kwangilar da ake nuna wa mutane farashin saye a ɓoye musu farashin riƙo.

Daga maganin ciwon gaɓɓai zuwa kayan alatu

Jacuzzi sunan wasu 'yan'uwa ne 'yan asalin Italiya da suka kafa kamfani a Kalifoniya ta Amurka a 1915. Da farfelar jirgin sama suka fara, suka koma ƙera famfunan ban ruwa. Ɗan Candido Jacuzzi, ɗaya daga cikinsu, ya kamu da ciwon sanyin gaɓɓai tun yana ƙarami, sai uban ya ƙera masa ɗan injin da ake jefawa a bahon wanka yana motsa ruwa. A 1956 suka fara sayar da injin, a 1968 kuma Roy Jacuzzi ya fito da bahon da aka haɗa shi da bututansa tun daga masana'anta. Sunan kamfanin ya rinjayi sunan kayan, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakin mutanenmu.

Akwai rikicin suna da ya kamata a warware tun yanzu. Bahon banɗaki mai feso ruwa, wanda ake cikawa a yi wanka a zubar, shi ma jakuzi ake ce masa, amma ba shi ake nufi a nan ba. Wanda ake magana a kai shi ne babban da ake ajiyewa a tsakar gida ko kan bene, mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida, wanda ruwansa ke zama a ciki wata uku ko huɗu ana tacewa ana zuba masa magani, hita kuma na riƙe da shi a zafin digiri 37 zuwa 40 dare da rana. Wannan riƙon na dare da rana shi ne inda kuɗi ke zurarewa.

Lissafin farko

Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Matsakaicin baho na ɗaukar lita 1,500, wato jarka 60 ta 'yan garuwa mai lita 25. (Ruwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin buƙatar mutum ɗaya a yini lita 50 ne, cikin baho ɗaya ke nan ruwan wata guda na mutum.) In ruwan burtsatse ya fito da zafin digiri 25 ana so ya kai 38, za a ƙona yunit kusan 23, kimanin Naira 4,800 a farashin Band A, kuma hita mai ƙarfin kilowat uku za ta yi awa bakwai da rabi tana aiki. A janareton dizal, wanda lita ɗaya ke ba da yunit uku ko ɗan sama da haka, maganar ta kai lita bakwai.

Wannan ɗumamawar farko ce, sau uku ko huɗu ake yin ta a shekara. Abin da ya rage na sauran kwanakin shi ne mayar da zafin da ya tsere, kuma yawansa ya dogara ne da abin da aka killace bahon da shi. Kowa ya san bambancin tuwon da aka zuba a kula da wanda aka bari a kwanon sha. Abin da masu sayarwa ke gardama a kai shi ne wace irin kula ce ta fi.

Cikakken soso

Salo mafi tsufa, wanda manyan kamfanonin Amurka irin su Hot Spring suka yi suna da shi, shi ne a fesa ruwan soso a cike duk sararin da ke tsakanin kwarmin bahon da allunan da suka kewaye shi. Soson ya kumbura ya daskare, ya haɗiye bututai gaba ɗaya, sai ɗan ɗakin injin kawai ake bari.

Wajen riƙe zafi, wannan salo ne ya fi sauran tabbas, kuma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: soson yana tallafe bututai. Duk lokacin da famfo ya tashi, bututan kan girgiza, kuma girgizar shekara da shekaru ita ke kwance mahaɗa. Bututun da aka binne a soso ba ya motsi. Yana kuma rage ƙarar inji.

Matsalar tana zuwa ranar da ruwa ya fara ɗiga. Mai gyara ba ya ganin bututu, sai ya bi danshi yana haƙar soso kamar mai tonon rogo, ya gyara, sannan ya nemi soson da zai mayar. A Amurka wannan aikin tsada ne. A Kano ko Gusau tambayar ita ce wa zai yi shi. Sannan soson kansa iri biyu ne. Akwai mai tauri, wanda ƙwayoyin iskar cikinsa a rufe suke, ba ya shan ruwa, kuma inci ɗaya nasa yana tare zafi kusan ninki biyu na ɗan'uwansa. Akwai mai laushi, mai buɗaɗɗun ƙofofi, ya fi araha kuma ya fi sauƙin tonowa, amma yana tsotse ruwa. Soson da ya jiƙe ya daina aikinsa, domin ruwa na ɗaukar zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu. Mai baho na iya shekara yana biyan kuɗin wutar yoyon da bai taɓa gani a ƙasa ba, saboda soso na shanyewa. Don haka jin "cikakken soso" daga bakin dillali bai wadatar ba. A tambaye shi wane iri.

Killace bango a bar ciki fayau

Salo na biyu ya fi ƙarfi a Kanada, kuma kamfanin Arctic Spas na lardin Albata ne ya fi tallata shi. Maimakon a cike ciki, sai a manna soson a jikin allunan waje da ƙasan bahon, a bar iska a tsakani. Hikimar ita ce famfunan da ke tace ruwa suna fitar da zafi yayin aiki. A maimakon a kore shi waje, sai a tsare shi cikin wannan ɗaki ya riƙa ɗumama kwarmin. Gyara kuma ya zo da sauƙi: a cire allo, ga bututu a fili.

A ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa a bututu, dabarar tana da ma'ana sosai. A nan akwai abubuwa biyu da ke rage mata armashi. Na farko, zafin inji yana samuwa ne idan injin na aiki. Da an ɗauke wuta, garaɓasar ta tafi. Na biyu ya fi muhimmanci. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Maiduguri ke haura digiri 40 a inuwa, injin da aka kulle cikin akwatin da ba ya numfashi zai yi zafin da ya wuce kima, kuma ruwan kansa kan zarce inda aka saita shi ko da hita a kashe take. Masu irin wannan baho a jihohin Amurka masu zafi kamar Arizona sun san matsalar. Wanda zai sayi wannan salo ya tabbatar akwai tagogin iska da ake buɗewa da bazara a rufe da hunturu. Ya kuma duba mahaɗar allunan: salon gaba ɗaya ya dogara ne da iskar da aka tsare, in akwai ƙofa ko ta yatsa ce, iskar hunturu za ta share ɗakin.

Na tsakiya, da na ƙyalli

Wasu kamfanonin na cusa wani zare mai kama da auduga a maimakon soson feshi. FiberCor na kamfanin Watkins shi ne sananne. Yana cike sarari kamar soso, amma ana iya kwashe shi da hannu a gyara bututu a mayar. A ganina, ga ƙasar da masu gyara suka yi ƙaranci, wannan ne ya fi kusa da daidai, in dai an same shi.

Sai kuma salon da ya fi yawa a bahunan masu araha, ciki har da da yawa daga waɗanda ake lodowa daga lardin Guwandon na ƙasar Sin: ɗan siririn soso a bayan kwarmi, da takardar alminiyom mai ƙyalli a jikin allo. Takardar tana mayar da zafin da ke tafiya kamar haske, wannan gaskiya ne, amma sai in akwai sararin iska a gabanta, kuma ba ta hana zafin da ke bi ta jikin abu ko wanda iska ke kwashewa. Ita kaɗai, rigar leda ce a daren sanyi. Wannan ba hukunci ba ne a kan duk kayan Sin. Masana'antun can suna ƙera na kirki da na banza gwargwadon abin da mai oda ya biya, kuma abu na farko da ɗan kasuwa ke ragewa don farashi ya sauko shi ne abin da mai saye ba ya gani.

Bahon roba da ake hurawa, irin su Lay-Z-Spa da Intex, shi ne mafi arha a saye, mafi tsada a riƙe. Iska ce kawai a bangonsa. Turawan Ingila sun yi rububin sayen sa lokacin kullen korona a 2020. Da kuɗin wuta ya kai fenni 34 a yunit a Oktoban 2022, bayan yaƙin Yukiren ya hargitsa kasuwar gas, da yawa suka sace iskar suka naɗe.

Murfi ya fi bango

Duk wannan gardama ta bango ce, alhali mafi yawan zafin ta sama yake fita. Dalilin shi ne abin da ke sanyaya ruwan randa: duk ruwan da ya tashi ya zama tururi, da zafi yake tafiya. Lita ɗaya da ta bi iska tana ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na yunit. Busasshiyar iskar hunturu kuwa ba abin da ta iya kamar ɗauke danshi. Baho mai cikakken soso da aka bari a buɗe ko aka rufe da mataccen murfi, bai fi na takardar ƙyalli da komai ba.

Cikin murfi farin soso ne irin wanda ake tallafe sabon firij da shi a kwali, an naɗe shi da leda, an sa masa riga. Abin dubawa: kaurinsa, wanda ya kamata ya kai inci huɗu ko biyar a tsakiya ya gangara zuwa baki don ruwan sama ya zurare, nauyin soson, da kuma maƙalar da ke toshe tsagar tsakiya inda murfin ke ninkewa, domin nan ne tururi ke samun hanya. A gwada da dare: in ana ganin tururi na fita ta tsagar, kuɗi ne ke fita.

Murfi ba ya daɗewa kamar baho. Tururin maganin ruwa yana cin ledar a hankali, soson ya fara shan ruwa, murfin ya yi nauyi har mutum ɗaya ya kasa ɗagawa. Shekara uku zuwa biyar ake ba shi a ƙasashen Turai, kuma ranar Sahel ba za ta ƙara masa kwana ba. Tambayar da zan fara yi wa kowane dillali ita ce: idan murfin ya mutu, a ina zan sami wani daidai girman wannan? Wanda ya yi shiru a nan ya ba da amsa. Rumfa a kan bahon tana tsawaita ran murfi, kuma shimfiɗar roba mai yawo a kan ruwa, wadda ba ta da tsada, tana rage tururin da ke isa gare shi.

Lambar da za a nema

Takardun talla cike suke da wata lamba da ake kira R, ma'aunin yadda abu ke tare zafi. Lambar ta soson ce a ɗakin gwaji, ba ta bahon da aka haɗa ba, kuma kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa. Kwatanta R ɗin wannan da na wancan ɓata lokaci ne.

Ma'aunin da ya fi amfani daga jihar Kalifoniya ya fito. Hukumar makamashi ta jihar ba ta yarda a sayar da baho ba sai an gwada shi: a cika shi, a rufe, a riƙe ruwan a kusan digiri 39 cikin ɗaki mai sanyin kusan digiri 15 na tsawon awa 72, a auna wutar da ya sha. Akwai iyaka gwargwadon girma, kuma a ƙa'idar da ta fara aiki a 2019, baho mai lita 1,500 bai kamata ya wuce kimanin wat 240 ba. Wannan ya kama yunit shida ba kaɗan a yini, kusan 175 a wata, wato wajen Naira 36,000 a farashin Band A, kafin kowa ya tsoma ƙafa. Hukumar tana wallafa sakamakon kowane samfuri a rumbunta na intanet, kowa na iya dubawa. Bahon da ba ya cikin rumbun ba lallai ne ya zama marar kyau ba, amma babu wanda ya auna shi sai mai sayar da shi.

Sai dai a yi hattara da ɗauko lissafin Kalifoniya a dasa a Kano. Zafi na tserewa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin ruwa da iskar waje. A gwajin, tazarar ta kai digiri 23 ko 24. A Kano, inda matsakaicin zafin shekara ke wajen digiri 26, tazarar kusan rabin haka ce. Ma'ana, amfanin killacewa mai tsada ya ragu da kusan rabi a yawancin watanni, ya dawo da ƙarfinsa a Disamba da Janairu, wato daidai lokacin da ake marmarin ruwan zafin. A Jos da Mambila lissafin ya fi kusa da na Turai.

A ɗauki misali, don a ga yadda ake auna daraja. A ce baho biyu ne, ɗaya na zubar da yunit uku a yini, ɗayan bakwai. Bambancin yunit huɗu a yini ya zama 1,460 a shekara, kimanin Naira 306,000. A shekara biyar ya haura miliyan ɗaya da rabi, in farashin wuta bai motsa ba, abin da ba wanda zai rantse a kai. Idan tazarar farashinsu a shago ba ta kai haka ba, mai tsadar ne mai arha. Idan ta ninka haka sau uku, an biya kuɗin sanyin Kanada ne a ƙasar da ba ta da shi. Wanda ke kan janareto ya ninka lissafin, shi killacewa ta fi yi wa rana. Akwai kuma ribar da ba ta shiga mita: bahon da ke riƙe zafi zai haye awa goma na ɗaukewar wuta ya sauka da digiri ɗaya ko biyu kawai, marar kyau kuwa zai sauka fiye da haka.

Ga mai otal ko mai ɗakin gashi da zai yi amfani da shi kullum, kuɗin da ya fi dawowa shi ne na injin zuƙo zafi daga iska, wanda ke aiki kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya. A iska mai ɗumi irin tamu, yunit ɗaya na wuta kan ba da zafin yunit huɗu ko fiye, kuma wasu samfuran na iya sanyaya ruwan da bazara.

Abubuwan da ba sa cikin takardar talla

Wutar Najeriya volt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bugu 60 take yi. Bahon da aka ƙera don kasuwar Amurka, musamman na hannu da ake sakowa a kwantena, injinsa ba zai yi daidai da wutarmu ba: ƙarfinsa zai ragu, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. A nemi wanda aka yi wa Turai ko Ingila. Dole ne kuma a ba shi layinsa daban da na'urar da ke katse wuta nan take idan ta zurara cikin ruwa, da waya ta ƙasa ta gaskiya. Mutum ne zai zauna cikin ruwa har wuya kusa da hita mai kilowat uku. Nan ba wurin gwajin ɗan koyo ba ne.

A kifa ido a ƙasan bahon. In firam ɗin katako ne kuma ƙasan a buɗe yake, gara ta sami abinci, ɓeraye kuma sun sami ɗaki mai ɗumi da katifa. Suna yayyaga soso su ci wayoyi. Ƙasa mai tiren roba a rufe ruf da firam na ƙarfe ko roba sun cancanci ƙarin kuɗi. Nauyi ma abin lura ne: ruwa kaɗai tan ɗaya da rabi ne, da baho da mutane ya kai tan biyu ko fiye a fili da bai wuce mita biyu da biyu ba. Kada a ɗora shi a bene sai injiniya ya duba dakin.

Na ƙarshe ya shafi rai. Dabarar da kowa zai fara tunani don rage kuɗin wuta ita ce a kashe bahon gaba ɗaya sai ranar da za a shiga. Ruwan da ya tsaya ba tacewa, ba magani, yana tsakanin digiri 25 da 45, shi ne gonar ƙwayar cutar lijiyonela, wadda ke shiga huhu ta tururi ta haddasa ciwon nimoniya mai kisa. A 2019, a wani bajekoli a jihar Karolina ta Arewa, sama da mutum 130 suka kamu, huɗu suka rasu; bincike ya gano bahunan da aka kunna don talla ne, kuma mutanen wucewa kawai suka yi ta gefensu. Ana iya rage zafin hita a ranakun da ba a amfani da baho, amma famfon tacewa da maganin ruwa ba a tsayar da su. Wanda wutarsa ba ta isa ta riƙe famfon kullum ba, ko dai ya haɗa shi da sola da batir, ko ya zubar da ruwan ya bar bahon a bushe har lokacin da zai buƙace shi.